Kwalbar da Na Sayo a Kasuwar Dole

Ranar Alhamis ce, Dole ta cika ta batse.
Na jingine kabu-kabuna gaban rumfar mai magani,
lasifikarsa na ta ɓaɓatu:
khal ɗin tuffa, mai wanke hanta tas kamar ƙwaryar nono!
Jikka uku da rabi, in ji shi, don ni ne.
Kuɗin man kwana biyu. Ko tayawa ban yi ba.

Wana Tsahiru majemi ne.
Shekara talatin hannunsa na cikin ruwan bagaruwa,
fatar akuya ta zo masa da gashi da ɗoyi,
ta bar hannunsa ja wur, da laushin kuncin jariri.
Mutumin da ke saɓa kirgi goma bai yi nishi ba,
yau buta ma sai Hasiya ta kai masa bayan ɗaki.
Ido ya koma launin gangamau,
ciki ya yi gaba, wuya ya zama sillen kara.

Na dire kwalbar gabansa kamar mai tsarabar Makka.
Ya juya ta, ya ƙura wa hoton ido,
ɗan itace ja da ganye guda a ka.
Ya ce, Mutari, wannan a ina yake tsira?
Na ce, can inda sama ba ta rowar ruwa.
Ya ce, itacen da bai san Birni ba,
bai taɓa shan zafin duwatsunmu ba,
a ina ya san hantata?
Ya yi dariya. Tari ya ƙwace dariyar.

Amma ya sha.
Cokali biyu a moɗa, safe da magariba,
fuska a yamutse kamar fatar da aka manta a rana.
Don ni ya sha, na sani,
don kada jikka uku da rabi su kalle ni.

Kwana goma sha tara.
Daren na ashirin Hasiya ta buga mini ƙofa ba sallama.
Da zanenta muka ɗaure shi a bayana,
na goya wanda ya goya ni,
daga Garin Malam har babban asibiti,
numfashinsa na dukan ƙeyata.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ƙanwarmu ba.
Ta dubi takardar jini, ta dubi kwalbar a hannuna,
ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.
Ta ce, ƙwayar cuta ce, ta daɗe tana ci a ɓoye.
Hanta ba tukunya ba ce, Malam,
da za a cuɗe ta da tsami ta yi haske.
Da kun zo tun kaka.
Nan ta tsaya, ta gyara tabarau.
Sai ta ce, kai ma a auna ka, da matarsa, da yaran.

Yanzu ƙwaya ɗaya yake haɗiya kowace safiya.
Yana zama a zaure. Wani lokaci har ya kai masallaci.
Ramin jima yana hannun ɗansa Ma'azu,
fatar ba ta yin ja kamar da.

Kwalbar na nan a taga, saura rabi.
Hasiya na ɗiga ta kan latas ɗin Mirriya,
da albasa, da ƙuli, da ɗan gishiri.
Wallahi akwai daɗi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Jiya ma Alhamis ce.
Lasifikar na nan, muryar ba ta dishe ba.
Wata tsohuwa na kwance bakin zane, tana ƙirga dala-dala.
Na taka birki. Na buɗe baki.
Fasinja ya dafa kafaɗata,
ya ce, Malam, mu je mana, rana na yi.